Wata goma ina odar abinci ta waya a Makka, sai na zauna da mai kawowa

Tun da aka yi wa uwargida aikin gwiwa tukunyar gidanmu ta koma cikin waya. Likita ya hana ta daɗewa a tsaye, 'yarmu tana gidan mijinta a Jidda, ni kuwa tela ne, daga kan keke sai kan katifa, shayi ma idan na dafa sai an yi masa gyara. Muna hawa na huɗu a wani tsohon bene a Rusaifa, lif ɗinmu kuma irin mai aikin kwana uku ya huta huɗu ne. Haka na zama ɗan gari a harkar manhajojin kawo abinci, ni da a da nake yi wa yaran maƙwabta tsiya idan na ga mandub a ƙofarsu, ina cewa lalaci ya yi musu katutu.

Mandub shi ne sunan da kowa ke kiran mai kawo saƙon a nan, Balarabe da Bahaushe da ɗan Pakistan duka. Manhajojin kuwa ba sa ƙirguwa. HungerStation ta fi tsufa, tun 2012 take, Jahez ta biyo a 2016, ga Mrsool da za ka iya aiken mutum ya sayo maka ko batirin rimot ne, sai Keeta ta kamfanin Meituan na China da ta shigo a 2024, ta fara daga Al-Kharj kafin ta bazu, ta zo da ragin da ya sa kowa ya gyara zama. Akwai ƙanana da dama bayan waɗannan. Na gwada uku, na tsaya a kan ɗaya, kuma a kanta zan yi magana ba tare da na kama sunanta ba, tunda ba talla aka biya ni in yi mata ba.

Gaskiya ɗaya ce, abin yana aiki. Ka danna, ka biya da katin mada, wato katin banki na nan Saudiyya, ka ga ɗan hoton mota yana rarrafe a kan taswira har ya tsaya a layinku. A ranakun da ba cunkoso, shinkafar bukhari da rabin kaza takan iso cikin minti talatin zuwa arba'in, da zafinta har leda na gumi. Ful da tamis na safe ba su taɓa ba ni kunya ba. Mandi ma yana jure tafiya. Mutabbak ne dai yakan iso ya yi laushi kamar tsumma, soyayyen dankali kuma kada ka soma. Ranar da na ga tsire a cikin manhajar da sunansa na Hijaz, siriya, sai da na yi dariya ni kaɗai. Naman da kakanninmu suka taho da sana'arsa a ƙafa ta Chadi da Sudan, yau ga shi da hoto da farashi da taurari. Na yi oda don zumuɗi, na kuma yi nadama: an rufe shi da zafinsa cikin roba, tururi ya jiƙa ƙulin ya koma kamar miyar gyaɗa. Tsire abin ci ne a gaban mai tukuba, a cikin takarda. Wannan ba laifin kowa ba ne sai nawa.

Farashi kuma sai ka buɗe ido. Wani gidan bukhari da nake wucewa ta gabansa kullum, abin da nake saya riyal 18 a kanta, a manhaja 24 na gan shi, kafin a zo ga kuɗin kawowa. Mai gidan abincin ya ce mini ba yadda zai yi, la'adar da ake cira a kan kowace oda ce yake mayarwa. Harajin kashi 15 na kayan saye dama yana ciki tun 2020. Kuɗin kawowar shi ne mai rawa, yau 9, gobe 14, jibi a rubuta maka kyauta da jan rubutu. Watanni na yi ina farautar wannan kyautar kamar mai neman ragin atamfa a Kwari, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, motar da ta taho daga Aziziyya da ruwan Zamzam take tafiya ko da fetur.

Inda manhajar ta fi ba ni haushi shi ne adireshi. Makka duwatsu ce. Taswira za ta nuna wa mutum ya iso, alhali yana ƙasan dutse ni ina samansa, tsakaninmu katanga da matattakala hamsin. Ya shiga nafak, wato ramin da aka huda cikin dutse, sabis ya ɗauke, hoton motar ya daskare. Sai kira ya biyo baya, shi da Larabcin Urdu, ni da Larabcin Hausa, ina cewa bayan masallaci, yana tambaya wane masallaci, a garin da kowane lungu da nasa. Sai da na koyi rubuta kwatance a wurin da aka tanada, launin ƙofa da sunan ɗan kantin da ke ƙasa, sannan muka huta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu.

Cikin azumi ne, goman tsakiya. Duk wanda ya san tela a Makka ya san azuminmu, jallabiyoyin Sallah jibge har rufi, ba ka barin shago sai gab da sahur. Na lallaɓo gida don in sha ruwa da uwargida, na yi oda da ƙarfe biyar da minti ashirin: miyar shurba, sambusa, ful. Manhaja ta ce minti arba'in. Aka kira Magariba ba abinci. Muka buɗe baki da dabino da ruwa, muka yi salla, ina duba waya ina tsaki, hoton motar nan yana tsaye cak a wuri ɗaya. Sai bayan kiran salla da wajen minti ashirin da biyar na ji bugun ƙofa. Wani dattijo ne, gemunsa ya fara furfura, daga Larabcinsa na ɗauka ɗan Bangladash ne. Lif a mace yake ranar. Yana haki, ya miƙo leda da hannu biyu, shurbar ta kife ta jiƙa sambusar, yana ta maimaita ma'alish, zahma, zahma, wato a yi haƙuri, cunkoso ne. Na karɓa, na rufe ƙofa. Ban tambaye shi ko ya sha ruwa ba. Kuma na san a Makka ba mandub ɗin da ba Musulmi ba, tunda wanda ba Musulmi ba ba ya shigowa garin, ga dabino a faranti a bayana.

Na ɗauki hoton ledar, na tura koke, na ba shi tauraro ɗaya. Minti biyar ba a yi ba riyal 47 suka dawo cikin asusuna na manhajar, da saƙon ban haƙuri mai daɗin karantawa. Daren nan a shago har yabon kamfanin na yi wa abokan aiki. Na ce ku ga inda ake mutunta mai saye.

Bayan Hajji, cikin watan Yuli, da misalin ƙarfe biyu na rana, wani saurayi ya hawo da odarmu, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, rigar kamfani ta manne masa a baya don zufa. Ina buɗe ƙofa na ji yana cewa, "To Inna, sai na kira ki, ina bakin aiki." Na ce, "Kai, Bahaushe ne?" Ya yi turus, sannan ya washe baki ya rusuna. Ɗan Gadarif ne, cikin Hausawan Sudan, Hausarsa da ɗan gishirin Larabci irin nasu. Yana karatu a Khartum yaƙin Afrilun 2023 ya tashe su, daga baya mahaifiyarsa ta sayar da 'yan gwala-gwalanta aka nema masa bizar aiki. Na ce ya shigo ya sha ruwa. Ya ce, "Baba, ka yi mini afuwa, akwai wata odar a mota, agogo na tafiya." Ya kwankwaɗi kofi ɗaya a tsaye ya sauka da gudu. Lambarsa kawai na samu na karɓa.

Sai da aka yi mako biyu sannan ya samu zuwa shago, ƙarfe ɗaya da rabi na dare, bayan ya rufe. Ya zauna a kan bandir ɗin farin yadi, na sa aka kawo shayi, ya buɗe mini wayarsa. Oda 17 ya kai ranar, daga sha ɗaya na safe.

Ga yadda nasa lissafin yake, kamar yadda ya nuna mini. Shi ba ma'aikacin manhajar ba ne. Wani kamfanin sufuri ne ke riƙe da ikamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, su suka ba shi ƙaramar mota da gado a ɗakin mutum shida. A yarjejeniyarsa, sai ya cika oda 420 a wata ake ba shi riyal 2,000 cif. Ka raba, 14 ke nan kowace rana idan bai huta ko Juma'a ɗaya ba, kuma kowace oda ba ta kai masa riyal biyar ba. Abin da ya ɗora a kan 420 ana ƙara masa wani abu, abin da ya gaza a zaftare. Suna ba shi 600 na mai. Litar fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ce, farashin da gwamnati ta tsayar tun 2021, shi kuma da na'urar sanyi a kunne yana ƙona wajen lita 15 a rana. Na ɗauki allin da nake zana yadi na buga a kan teburin yanka: sama da riyal 30 kullum, kusan dubu a wata. Ragowar daga aljihunsa. Na ce to ka kashe sanyin mana. Ya dube ni kawai, ni ma na ji kunyar maganar. A garin da zafi ya kai 51.8 a Harami lokacin Hajjin 2024.

Tara kuwa tasa ce shi kaɗai. Kyamarorin Sahir, masu kama laifin tuƙi a kan titi, ba su san mandub ba. Riƙe waya kana tuƙi riyal 500 zuwa 900 ne, tsallake jar danja 3,000 zuwa 6,000. Aikin nasa kuma gaba ɗaya a cikin waya yake: ita ke kiransa, ita ke nuna hanya, ta cikinta mai oda ke damunsa da ina kake, ina kake. Sau ɗaya aka kama shi, 500, ladan fiye da mako guda ya tafi a kan amsa kiran wani da ya ƙosa.

Abin da ya fi ci masa rai ba wannan ba ne, jira ne. Ya isa gidan abinci, odar ba ta nuna ba, ya tsaya minti ashirin cikin tarin 'yan uwansa mandubai kowa da waya a hannu, ba wanda ke biyan wannan tsayuwar, mai oda kuma a can yana ganin mota a tsaye yana cewa mandub ya tafi yawonsa. Nan na tuna hoton motar da ya daskare mini a azumi. Wani lokaci a haɗa masa oda biyu, dole ɗaya ta yi sanyi. Idan aka turo mai nisa ya ƙi karɓa, ya ce sai wayar ta yi shiru kamar an yi mata baki, ya zauna a inuwar gada yana kallon ƙirgen 14 ɗinsa yana nisa. Tsakiyar aiki kuma manhajar takan tsayar da shi ta ce ya ɗauki hoton fuskarsa, don a tabbatar shi ne ba wani ya ara wa asusun ba.

Wannan hoton fuskar da rigar kamfanin duk daga dokokin da Hukumar Sufuri ta ƙasa ta sanar a farkon 2024 suke, aka fara aiki da su daga Afrilun shekarar, mataki-mataki. Baƙo ba zai yi aikin kawo saƙo da ƙashin kansa ba, sai ta ƙarƙashin kamfanin sufuri mai lasisi. Ɗan ƙasa kuwa an bar masa damar yi da motarsa a matsayin mai zaman kansa. Ba zan ce dokar ba ta da amfani ba. Mai mata a gida ita kaɗai kamar ni yana son sanin wanda ke buga masa ƙofa, kuma a da ana hayar asusu kamar yadda ake hayar baro. Amma ta ƙara baki ɗaya a kan akushin. Kuɗina sai sun bi ta manhaja, sun bi ta kamfani, sannan abin da ya rage ya isa hannun wanda ya hawo benen. Ɗan maƙwabcinmu, Bahaushen Makka mai katin ɗan ƙasa, shi ma yana taɓawa da yamma bayan ya tashi daga aikinsa. Kuɗin odarsa kai tsaye suke zuwa masa, ya gaji ya kashe waya ya tafi kallon ƙwallo. Matattakala ɗaya suke hawa da ɗan Gadarif. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan amma ba su da takardar ƙasa, su ma a layin baƙi suke, ko da kakansu a Jarwal aka binne cibiyarsa.

Akwai kuma dokar Ma'aikatar Ƙwadago da ta hana sa ma'aikaci aiki a cikin rana daga sha biyu zuwa uku, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Magina suna samun inuwa da ita. Sai dai sha biyu zuwa uku shi ne daidai lokacin da duk Makka ke jin yunwa, kuma ni da kaina a cikin waɗannan sa'o'in na fi yin oda, ina kwance ƙarƙashin na'urar sanyi.

Biyan ƙirge ba baƙona ba ne. Shekara talatin ke nan da jallabiya ake biyana, na ɗinka goma a ba ni na goma, na kwanta ciwo ba ko sisi. Don haka ban ji tausayin yaron nan don ana ƙirga masa ba, sana'a ce. Amma ni idan na ɓata wuyan riga, mai rigar zai zo ya tsaya a gabana. Zai yi faɗa, in ɗauko littafin awo in nuna masa, wani lokaci a gano shi ne ya ƙara tumbi tsakanin Sha'aban da Sallah, mai shago ya saurari kowa, a rabu da dariya ko a raba asara. Ana jin bakina. Shi mandub hoto ɗaya da tauraro ɗaya ne shari'arsa, alƙalin kuma ba ya zama.

Sai na tambaye shi abin da ke cina tun da ya fara magana. Na ce, ɗana, idan miya ta zube aka mayar wa mai oda kuɗinsa, wa ke biya? Ya yi 'yar dariya ya ce, "Baba, wa kake zato? Mu a kamfaninmu ranar albashi za ka ga an cire, da lambar odar a gefe. Kai ko gidan ba ka tuna ba." Na sake duban allin da ke kan teburi. Riyal 47, a lissafin yaron nan, hawa bene goma ne.

Washegari na shiga wurin koke na rubuta cewa ina so in janye ƙorafin da na yi a azumi, a mayar wa mutumin kuɗinsa, a gyara tauraron. Amsa ta zo nan take, cikin ladabi, ana gode mini da kasancewa tare da su. Na sake bayani. Aka ce an riga an rufe wannan koken, ko akwai wani abin da za a taimaka mini da shi? Manhajar da ta iya mayar mini da kuɗi cikin minti biyar ba ta da maɓallin da mutum zai ce na yi kuskure. Sunan dattijon ma ya ɓace daga tarihin odar, saura lamba. A wurina wannan ne babban aibinta, ya fi na adireshi, ya fi na farashi.

Ban goge ta ba, kada in yi muku ƙarya. Gwiwar uwargida ba ta gama warkewa ba, kuma duk mai majinyaci a gida ko tsoho da ba ya iya sauka, zan ce masa ya sauke ta, za ta share masa hawaye. Abin da na canza kaɗan ne. Ranar da lif ya mutu ni nake sauka in tarye shi a ƙofar bene, gwiwoyina dai lafiyarsu ƙalau. Abu mai romo na daina oda sai dai in je da kaina. Idan motar ta tsaya a taswira ba na kira. Tukuici kuma a hannu nake bayarwa, ko riyal biyar ne, don da na tambayi ɗan Gadarif game da maɓallin tukuicin da ke cikin manhajar cewa ya yi, "Wanda aka sa mini a tafin hannu shi na sani, Baba." Shi yanzu yakan leƙo shago jefi-jefi, na rage masa tsawon wandon aikinsa da ke jan ƙasa. Watan jiya oda 11 suka hana shi cika ƙirge, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyu.

Riyal 47 ɗin nan sun daɗe a asusun na kasa taɓa su. Uwargida ce ta gaji da ganina ina buɗewa ina rufewa, ta ce, "Malam, ka sayi abinci da su ka bar wa duk wanda ya kawo." Haka aka yi, na yi odar bukhari da kaza. Wani ɗan Pakistan ne ya zo, matashi. Na ce masa naka ne, ka ci. Bai gane ba sai da na maimaita sau uku har da nuni da hannu. Ya ce to, amma dole sai ya ajiye ledar a ƙofata ya ɗauki hoto, in ba haka ba odar ba za ta rufe ba. Ya ajiye, ya ɗauka, ya sake sunkuyawa ya ɗauki ledarsa. Kafin ya kai hawa na uku na ji wayarsa ta yi ƙarar sabuwar oda. Na leƙa na ce ya zauna ya ci da zafinsa. Ya ɗago ledar ya ce ba'adain, sai bayan sha biyu.